A kasa, a tsare, a raka: ina masu tsaron akwati suka shiga?

Mutum miliyan 93 da ɗoriya ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC lokacin da aka shiga zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, amma waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Wato cikin kowane mutum huɗu masu rajista, kusan uku sun yi zamansu a gida. A 2015 sama da kashi 43 cikin ɗari ne suka fito, a 2019 aka sauko wajen kashi 35, a 2023 aka faɗo kashi 27. An yi ta kawo dalilai, kuma dalilan na gaskiya ne: wahalar takardun kuɗi da canjin fasalin naira ya jefa mutane a ciki, layin mai, tsoron 'yan bindiga a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da kuma na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS wadda ta rage aringizon ƙuri'un da a da kan kumbura alƙaluma.

Akwai dalili ɗaya da ba a cika kawowa ba, kuma a wurina ya fi sauran ciwo. Mutumin nan da kan bi gida-gida yana sallama, ya tambayi wa ya karɓi katinsa, wa bai karɓa ba, ya ɗauki tsoho a bayan babur ya kai shi rumfa, ya tsaya har a ƙirga, ba don an biya shi ba, shi ne ya ja jiki ya koma gefe. Jama'a ba sa fitowa zaɓe don allon talla ko waƙar ɗan takara kaɗai. Suna fitowa ne don wani da suka sani, suke jin kunyarsa, ya zo har zaure ya roƙe su.

Ina cikin waɗanda suka yi wannan aiki a 2015, a ɓangaren marigayi Muhammadu Buhari, kuma na tsaya ejan, wato wakilin jam'iyya, a akwatinmu. Wanda bai ga lokacin ba zai yi wuya ya yarda da irin abin da talaka ya yi. Ana sayar da katin gogewa na tara gudummawa, mai shayi da ɗan acaɓa da mai faskare suna saye da kuɗin guminsu. Mai shagon buga takardu ya buga fasta bai karɓi kuɗin aiki ba. Da aka ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, makonni shida cif, mun ɗauka gwiwar mutane za ta yi sanyi, sai ya zamana lokacin ya yi mana rana, domin a cikinsa ne da yawa suka samu karɓar katinsu na dindindin.

Mafi yawan aikin ba shi da armashi. Ba taron gangami ba ne, ba hawa mota ana kiɗa ba ne. Zama ne a tsakar gida, da izinin maigida, ana nuna wa tsofaffi yadda ake dangwala yatsa cikin gida ɗaya ba tare da tawada ta tsallaka layi ba, da yadda ake naɗe takardar don kada tawadar ta shafi gidan wata jam'iyyar. Wanda ya raina wannan ya duba lissafi: ƙuri'u sama da 840,000 ne suka lalace a zaɓen 2015, a 2019 kuwa sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kowace ɗaya mutum ne da ya bar sana'arsa, ya sha rana a layi, ya koma gida yana zaton ya yi zaɓe. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗana, ni ban iya karatu ba, ka nuna mini tun a gida, kada in je in ji kunya a gaban mutane." Na ce, "Iya, ai shi ya kawo ni." Irin wannan koyarwa a gida ake yin ta, domin ranar zaɓe doka ta hana kamfe a kusa da rumfa, kuma ejan na ƙwarai ba ya raɗa wa kowa komai a layi.

A 2015 tantancewa daban ce, da safe, jefa ƙuri'a kuma sai bayan azahar. Mutane da dama sun ƙi komawa gida a tsakani, suka shimfiɗa tabarmi, aka yi salla a nan. Da yamma ta yi aka zazzage akwati a gaban kowa, malamin zaɓe yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi. Duhu ya yi aka haska da fitilun wayoyi. Aka cike takardar sakamako, muka sa hannu, ni da ejan ɗin ɗaya ɓangaren, wanda maƙwabcina ne kuma kwano ɗaya muka ci abincin rana, kowa ya karɓi kwafinsa, muka bi motar har cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa. Kwana uku bayan nan, ranar 31 ga Maris, Goodluck Jonathan ya kira Buhari a waya ya taya shi murna tun kafin Farfesa Attahiru Jega ya kammala sanarwa. Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.85. Karo na farko ke nan da aka kayar da shugaba mai ci a Najeriya.

Wannan takarda da muka sa wa hannu, wadda ake kira EC8A, ita ce tushen zaɓen gaba ɗaya, kuma a nan nake so in daɗe. Daga ita ake ɗiban alƙaluma zuwa takardar mazaɓa, daga can zuwa ta ƙaramar hukuma, zuwa ta jiha, zuwa Abuja. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan tun bayan ƙarin da INEC ta yi a 2021, a mazaɓu 8,809 da ƙananan hukumomi 774. Babu ɗan takarar da zai iya kasancewa a ko da kashi ɗaya cikin ɗarinsu. Idonsa a kowace rumfa shi ne ejan. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba ejan damar ya ga ƙirga, ya sa hannu, a ba shi kwafi. In aka canza lamba a kan hanya, kwafin da ke aljihunsa da bakinsa na wanda ya gani da ido su ne hujja.

Da yawa sun ɗauka na'ura ta ɗauke wa mutum wannan nauyi. An ce BVAS za ta ɗauki hoton sakamako ta tura shafin INEC na intanet mai suna IReV nan take kowa ya gani a wayarsa. Ranar zaɓe sakamakon shugaban ƙasa bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Aka bayyana Bola Tinubu da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Atiku da Obi suka tafi kotu. A hukuncin 6 ga Satumba na 2023, cikin abubuwan da alƙalai suka kafa hujja da su akwai cewa masu ƙara ba su gabatar da wakilan rumfuna da suka ga abin da ya faru da idonsu ba, kuma shaidar wanda ke zaune a cibiyar tattara sakamako a kan abin da aka yi a rumfa, ji ya yi aka ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin ranar 26 ga Oktoba, ta kuma ce IReV shafin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Ko mutum ya gamsu da hukuncin ko bai gamsu ba, ya nuna inda doka take neman hujja. Matasan da suka cika Facebook da Twitter da goyon bayan Obi sun yi ƙoƙari na gaske, amma jerin ejan-ejan da jam'iyyarsa ta miƙa wa INEC ya gaza adadin rumfunan ƙasar da dubun-dubata. Kwankwasiyya kuwa, da ke da mutum a kusan kowane lungu na Kano, ta ɗauke jihar da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya.

To me ya kori masu sa kai? Abu na farko kuɗi ne. A 2014 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 27.5 ne, har Buhari ya ce rance ya ci ya saya. A 2022 ya koma miliyan 100, na PDP miliyan 40, doka kuma ta ɗaga iyakar abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe daga biliyan ɗaya zuwa biliyan biyar. Talakan da ya ji waɗannan lambobi, da wane ido za a kalle shi a ce ya yi aiki kyauta? Sai aikin ejan ya zama kwangilar yini ɗaya. Ana rubuta suna ne don ambulan, ba don an san mutum zai tsaya ba, kuɗin ma sai ya ratsa hannu da hannu kafin ragowarsa ta iso. Wanda ya zo don ambulan kuwa, duk wanda ya kawo wadda ta fi kauri zai iya tura shi cin abinci daidai lokacin ƙirga.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Za a ce mai cin yau da ƙyar ba shi da yinin da zai bayar sadaka, kuma 'yan siyasar da ke yawo a jirage masu zaman kansu bai kamata su ci gumin talaka a banza ba. Haka ne. Ejan yana buƙatar abinci da ruwa da kuɗin mota da katin waya, kuma ba shi waɗannan ba sayen sa ba ne, haƙƙinsa ne. Abin tambaya shi ne daga hannun wa suke fitowa. A 2015, a unguwanni da yawa, daga gidajen maƙwabta aka riƙa aiko da kwanukan abinci. Wanda unguwarsa ta ciyar, unguwarsa yake tsoron ya ci amanarta, domin gobe a masallaci ɗaya za su haɗu.

Abu na biyu ya fi kuɗi zurfi: ɓacin rai. Mutane sun ba da lokacinsu da dukiyarsu, wasu ma rayukansu a haɗurran murna, suna jiran sauyi. Shekara takwas ta wuce, tsadar abinci ta ƙaru, garkuwa da mutane ta mamaye hanyar Kaduna zuwa Abuja da dazukan Arewa maso Yamma. Da yawa suka rantse ba za su sake wahala a kan wani ɗan siyasa ba. Ba na ganin laifinsu a kan jin zafin. Inda na saɓa da su shi ne abin da suka yanke. Gyaran da tafiyar 2015 take buƙata shi ne ta ɗore bayan rantsarwa. An gina ta a kan mutum ɗaya, aka ce sak daga sama har ƙasa, aka tura majalisa mutanen da ba a ko san fuskarsu ba, sannan ranar 29 ga Mayu kowa ya watse. Babu wani kwamitin unguwa da ya rage wanda zai kira ɗan majalisar tarayya ya tambaye shi ina aikin mazaɓa, ko ya rubuta wa gwamnati takarda da sa hannun mutum dubu. Waɗanda suka san kowane gida da kowane mai kati a rumfarsu sun bar wannan sani ya tafi a banza, sai sojojin baka da masu rabon taliya da atamfa suka gaje filin.

Dole kuma in faɗi wani abu game da tsaron akwati, domin an sha fakewa da shi a yi ɓarna. Bayan zaɓen Afrilun 2011, rikicin da ya ɓarke a jihohin Arewa ya ci rayuka sama da 800 a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima guda goma da aka kashe a Bauchi, 'ya'yan mutane da aka turo su yi aikin zaɓe. Wanda ya ɗauki gora ko wuƙa ba tsaron ƙuri'a yake yi ba, korar masu ƙuri'a yake yi, kuma mata da tsofaffi ne farkon gudu. Makamin ejan biro ne da waya da haƙuri. Kuma cikin aikinsa akwai abin da ya fi komai nauyi: in an ƙirga a gabansa bisa gaskiya aka kayar da gwaninsa, ya sa hannu.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma abin da nake kira gare shi ƙarami ne, bai wuce ƙarfin kowace unguwa ba. Mutum biyar ko shida da ke zaɓe a rumfa ɗaya, masu ra'ayi ɗaya, su zauna tun yanzu su rubuta gidajensu, su san wa ya cika shekara 18 bai yi rajista ba, wa ya yi ƙaura bai mayar da katinsa ba, wa ba ya iya tafiya sai an ɗauke shi. Su tsayar da wanda suka amince da shi, mai karatu, su matsa wa shugaban jam'iyya na mazaɓa ya sa sunansa cikin jerin da za a miƙa wa INEC kafin wa'adi ya cika, domin wanda sunansa bai shiga ba ba shi da ikon sa hannu komai kishinsa. Su haɗa masa abincinsa da cajin wayarsa daga aljihunsu. Kuma a sa mata a ciki. A yawancin rumfunan da na sani layin mata ne ya fi tsawo, su ne ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, amma da wuya ka ga mace riƙe da katin ejan, duk da cewa babu dokar da ta hana ta.