Yadda Injin Gahawar Italiya Ya Yi Mini Wankan Juma'a

Ni mutumin shayi ne gaba da baya. A ba ni kofin silba cike fal, madara ta ji, da rabin burodi a gefe, ba ni da sauran ƙorafi a duniya. Duk abin da ya same ni ƙanina ne sila. Yana karatu a Torino ta ƙasar Italiya, sai wani abokinsa da zai zo gida ya taho mini da kwali mai nauyin tsiya. Na zaci keken ɗinki ne, uwargida kuwa har ta fara murna an kawo mata injin markaɗe. Muka buɗe, sai ga wani akwatin ƙarfe mai maɓallai uku, da leda cike da tarkace, da littafin bayani da Italiyanci tun daga bango har bango.

Da daddare ya kira ta bidiyo yana washe baki. "Yaya, injin esfireso ne, gahawar nan mai ƙarfi da ake sha a ɗan kofi, na hannu ne amma lafiyarsa ƙalau. Ka san a garin nan da nake wani Angelo Moriondo ya fara yi wa irin wannan inji rajista a 1884?" Na ce ban sani ba, kuma ban ga abin da sanin zai ƙara mini a aljihu ba. Ya ce in dai bi a hankali, zai koya mini sassansa ɗaya bayan ɗaya. Na ce wane dare ne jemage bai gani ba, ni da nake gyara fankar gidana da kaina.

Tun a filogi aka fara samun saɓani, don nasu ƙafafunsa zagayayyu ne, soket ɗinmu kuma mai kusurwa yake so. Na samo mahaɗi a wurin mai kayan wuta. Ina jonawa aka ɗauke wuta, na tayar da ɗan ƙaramin janareta, na danna maɓalli. Janareta ya yi tari biyu ya yi shiru. Ashe tukunyar dafa ruwan da ke cikin injin tana jan wuta sama da wat 1,000, abin da ɗan janaretan nan ko a mafarki bai taɓa ɗauka ba.

Washegari da wuta ta dawo na baje tarkacen leda a tabarma, muka raɗa musu suna ni da uwargida. Akwai wani mai kama da ludayin ƙarfe, nauyi gare shi, da kunnuwa biyu a gefe da ɗan baki biyu a ƙasa. Shi muka kira ludayi, shi ake cusawa a ƙarƙashin kan injin a murɗa dama ya kama. Akwai 'yan kwanoni uku da ke shiga cikin ludayin, biyu gindinsu da ƙananan huji kamar rariya, ɗaya kuwa sumul ba huji ko guda. Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai mariƙin katako, kamar hatimin hakimi. Sai ɗan jug na madara, da buroshi mai lanƙwasasshen wuya wanda autanmu ya gudu da shi a matsayin na goge haƙori.

Karon farko garin gahawar gwangwani na zuba, irin wanda mai shayi ke kaɗawa a ruwan zafi. Ruwa ya narkar da shi ya wuce abinsa, na samu wani baƙin ruwa mai kama da na wankin tukunya. Ƙanina ya kama kai. Ya ce waccan an riga an dafa ta an busar, injin nan ƙwayar gahawa soyayya yake so, a niƙa ta sabuwa. Na sa aka nemo mini ta Mambila ta jihar Taraba, na ba yaro ya kai wa mai injin niƙa na bakin layi. Abin da ban tambaya ba shi ne me aka niƙa kafin tawa. Yaji ne, na masu jego. Kurɓa ɗaya na yi, hawaye da majina suka taho tare, uwargida na gefe tana cewa, "Maigida, sannu, ashe Turawa ma suna shan farfesu da safe."

Ranar Juma'a na ce yau sai an yi ta ta ƙare. Na yi wanka, na sa farar shaddata mai sitati, na ce bari in ɗan kurɓa kafin in wuce masallaci. Wannan karon a turmi aka daka mini gahawar aka tankaɗe. Na duba kwanonin nan uku, na yi nazari irin na masu ilimi: biyu sun huje, tsufa ya cinye su, wannan sumul ɗin shi ne sabo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na cika shi da gari, na murɗa ludayi, na danna maɓalli. Inji ya ɗauki gurnani, gurnanin ya koma nishi, ko ɗigo bai sauko ba. Maimakon in kashe, sai na ce bari in leƙa in ga abin da ya toshe. Ludayin ya ƙi murɗuwa, na sa hannu biyu na haɗa da ƙarfin tuwo.

Ƙarar da ta biyo baya har maƙwabta sun ji. Ruwan zafi da baƙin gari suka yi tsartuwa, suka sami shadda, da hula, da gemu, da silin, har da kalandar bango. Ludayi ya kufce ya fasa kofin da ke ƙasa. Uwargida ta shigo da gudu tana salati, ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka ƙone?" Na ce kaɗan ne a hannu. Da ta tabbatar da rai da lafiya, sai ta jingina da ƙofa ta yi dariya har da riƙe ciki. A ranar da tsohuwar jallabiya na je masallaci, a sahun waje, kuma wanda ke kusa da ni sai shinshina iska yake yi.

Da na ba ƙanina labari bai yi dariya ba, faɗa ya yi, abin da bai taɓa yi mini ba tun da aka haife shi. Ya ce kwanon marar huji na wanke cikin inji ne. Ana sa shi babu gari, a kunna inji 'yan daƙiƙu a kashe, ruwan da ya rasa hanya ya koma da baya ta wani bawul ya kwashe dattin ya zubar a farantin ƙasa. Da na kashe maɓallin kafin in murɗa, da bawul ɗin ya sauke matsin, shaddata ta tsira. Ya ce esfireso ana tura ruwa ne da matsin da ake kira bar 9. Na ce a yi mini da Hausa. Ya ce iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗoriya, wannan ya ninka ta kusan huɗu. A kan kwano mai faɗin milimita 58 kuwa, kamar an ɗora buhun siminti kusan biyar ne. Na dubi hannuna da ya yi kokawa da buhu biyar, na ji har na ɗan burge kaina.

Daga nan na sauke girman kai na zama ɗalibi. Giram 18 na gari a babban kwano mai huji, a samu kamar giram 36 na gahawa a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, ruwan kuma da zafin da bai kai tafasa ba, wajen digiri 93. In ta zubo da sauri kamar famfo, garin ya yi tsakuwa, za ta yi tsami. In tana ɗiga kamar ƙarin ruwan asibiti, ya yi laushi da yawa, za ta yi ɗaci. Turmi ba ya iya wannan daidaito, dole na sayi ɗan injin niƙa na hannu mai haƙoran ƙarfe da ake saitawa, na kuma sayi ma'aunin giram irin na masu zinare. Uwargida ta ce tunda ta zo gidan nan ba a taɓa auna mata ko ɗan kunne a kansa ba, sai gari.

Saura hatimin hakimi, wanda ashe shi ake danne garin da shi ya kwanta daidai, don in akwai gefen da ya yi sako-sako, ruwa ta nan zai ɓulle ya bar sauran. Na neme shi sama da ƙasa, sai a kicin na tsince shi yana ƙamshin tafarnuwa da daddawa. Uwargida ta ce ba ta taɓa samun abin murje kayan miya mai daɗin riƙo kamarsa ba. Da ƙyar muka yi sulhu, na saya mata ƙaramin turmi.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ruwa ya fara tsiyaya ta gefen ludayi, ashe zoben robar da ke cikin kan injin ne ya bushe, sai da aka aiko da sabo. Ruwan burtsatse kuma aka ce zai tara farin ƙanzo a tukunya, yanzu injin ruwan gora yake sha, mu masu gida muna shan na randa. Bututun tururi na dafa madara ba na ma son tuna shi. Ranar farko ya yi wata ƙara da ta sa akuyar gidan ta tsinke igiya, madarar kuma rabinta a gilashina ta ƙare, saboda na ɗago bakinsa sama da madarar alhali yana hura.

Bayan wata biyu, ranar wata Asabar, ta fito yadda ake faɗa. Siririya tana zuba kamar zuma, daƙiƙa 27 cif, da kumfar nan mai ruwan ƙasa a sama wadda Italiyawa ke kira kirema. A daidai lokacin surukina ya yi sallama. Na shimfiɗa masa darduma, na durƙusa na miƙa masa a ɗan kofi kan faranti, ƙirjina cike da alfahari. Ya leƙa ciki, ya dube ni.

"Malam, ɗanɗano ne wannan, ko saura aka rage mini?"

Na ce, "Baba, ai haka ake shanta, iyakarta ke nan."

Ya kai baki, fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya ajiye a hankali ya ƙwala wa 'yarsa kira, ya ce ta kawo babban kofi da ruwan zafi da sukari da madara. Ya juye giram 36 ɗina a ciki, ya zuba sukari cokali huɗu, ya juya da kyau, ya kurɓa, ya gyaɗa kai.

"Yawwa, yanzu ta fara hankali. Akwai burodi a gidan?"