Zaƙin kunu daga tsiro yake fitowa

Maƙwabcina a nan Munich dattijo ne Bajamushe, yana dafa giyarsa da kansa a ɗakin ƙasa. Ni ban sha, ya sani, amma ranar da ya nuna mini sha'ir ɗin da aka jiƙa har ya tsira aka shanya, sai na ga tabarmar Inna a tsakar gidanmu a Zariya, da tsiron dawa baje a rana.

Ya ce damuwarsa zaƙi. In ya zuba sukari ko zuma, yis yana cinye su ya mayar da su barasa, zaƙin ya gudu. Shi ya sa masu son baƙar giya mai ɗan zaƙi suke sa sukarin madara, wanda yis ba ya iya ci. Shi kam ya ƙi. A Bavariya, jihar da Munich take, dokar giya ta 1516 ta ce ruwa da sha'ir da furen hop mai sa ɗaci kawai, kuma da wannan yake taƙama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kunun zaƙinmu. Inna ba ta jibga masa sukari. Tsiro take niƙawa da busasshen dankalin Hausa da citta da kanumfari, ta dama gasara da tafasasshen ruwa, ta bari ta ɗan huce, sannan ta zuba wannan ƙullun ta rufe. Da safe kunun da ya kwana da kauri ya tsinke, ya yi zaƙi da kansa, domin tsiron ya narkar da sitacin hatsin ya zama sukari. Aikin da sha'ir ɗin dattijon nan yake yi ke nan a tukunyarsa, sai dai mu muna tacewa mu sha tun kafin a kai inda yake kaiwa.

Zuwana gida na bara na sayi kunu a tasha, kurɓa ɗaya na gane an sa masa sakarin ne, sinadarin zaƙin nan da ake sawa a madadin sukari. Zaƙinsa ya ninka na sukari wajen sau 300, ga araha, don haka ban ga laifin mai sayarwa ba sosai, sukari ya yi tsada. Amma ɗacin nan da yake bari a maƙogwaro ba na kunu ba ne, kuma yaran da suka tashi da shi za su ɗauka haka kunu yake. Wannan yana yi mini ciwo.

Yanzu ina sayen dawa a shagon 'yan Afirka, in jiƙa, in rufe da jiƙaƙƙen tawul kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Kwana 3 take fara fitar da tsiro.