Shekara 12, kyamarar ma ta gagara?

War of the Monsters, wasan bidiyo na faɗan dodanni, ya fito a na'urar PlayStation 2 a 2003, aka dawo da shi PlayStation 4 a 2015, to me aka gyara, don Allah? An wanke hoto zuwa 1080p (ya ƙara fitowa tar), an liƙa kofunan yabo da ake ba ɗan wasa, shi ke nan! Har yau mutum biyu kacal ke karawa a allo ɗaya, babu buga shi ta intanet. Kyamarar da ke nuna maka filin faɗa fa? Kana matsawa jikin bene sai ta rikice, ka rasa inda abokin faɗanka yake. Ka kusa gamawa da Preytor, dodon ƙwaro mai fiffike, sai ya tashi sama ya tsere, ya kwashi abin ƙara jini, ya dawo garau. An caka maka eriyar rediyo, kana ta dannan maɓalli yatsa kamar zai karye, Congar, ƙaton goggon biri, kuma na jifanka da mota. Haba jama'a!