Bazazzagi ya dawo daga Japan da tawul

Teburin mai shayi ne na bakin layi, bayan isha'i, an ɗauke wuta sai ƴar fitilar caji. Alhaji Bakano na zaune yana juya shayi, Malam na gefe da carbi, Jauro ya jingine sandarsa yana jiran a soya masa ƙwai. Sai ga Bazazzagi ya ɓullo bayan kwana goma ba a ji ɗuriyarsa ba, da wani dogon baƙin tawul rataye a wuya, yana zuwa ya ninke shi a hankali ya ajiye a bakin tebur sannan ya rusuna.

Bazazzagi: Kombanwa jama'a.

Jauro: Kwanon wa? Aradu ba nawa bane, ni da ƙwaryata nake yawo.

Malam: Sallama ake yi a nan yaro.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam assalamu alaikum, baki ne ya saba, barka da yamma kenan da Japananci. Jiya na sauka daga Tokyo.

Bakano: Tokyo ta Japan? Kai mai shayi sa masa madara gwangwani guda a kaina. Matso nan ƙanina, dama ni tun tuni nake cewa a duk Zage-zagi kai kaɗai ne mai kai. Kwantena nawa ka yi? Injin Toyota ne ko kayan Honda? Kar ka kai ko'ina, ina da mutane a Ƙofar Ruwa, kafin kaya su iso mun sayar.

Bazazzagi: Alhaji ba fatauci naje ba, wasa naje kallo.

Bakano: Ƙwallo?

Bazazzagi: Kiɗa.

Bakano: Mai shayi dakata da madarar nan.

Mai shayi: Ai na riga na huda Alhaji.

Bazazzagi: Wasu mawaƙa ne da nake mutuwar so tun ina sakandare, ONE OK ROCK, su huɗu ne, ɗaya na waƙa, ɗaya na dukan ganguna, biyu na kaɗa jita. Tun 2005 suka kafa ƙungiyar a Tokyo, kuma na yi wa kaina alkawari sai na gansu ido da ido kafin in yi aure, to kaga na kwashi adashin shekara biyu na haɗa da kuɗin babur ɗina na je Abuja na yi biza, na tashi daga nan Kano muka sauka Addis Ababa, daga can wani jirgin ya ɗauke mu ya tsaya a Koriya sannan filin jirgin Narita na Tokyo, daga Narita ma sai ka yi kamar awa guda a jirgin ƙasa kafin ka shiga cikin gari.

Jauro: Tsaya. Duka wannan, in an mayar shanu, bijimi nawa?

Bazazzagi: Baffa bar zancen.

Jauro: Aradu ya haura biyu. Ni ko don ciyawa ban taɓa tafiya mai nisan wannan ba, kuma ni in na je dabba ke ƙoshi.

Malam: Wai me ma sunan nasu yake nufi? Kar ya zamto ka je ka yi ta kiran sunan wani aljani.

Bazazzagi: Ba aljani ko ɗaya Malam, ƙarfe ɗaya yake nufi. Da turanci wan okilok ake cewa, su kuma Japanawa ra da la duk ɗaya ne a bakinsu, kamar yadda wani zai ce biyar wani ya ce biyal, sai ya koma wan ok rok. Da farkonsu ƙarfe ɗaya na dare suke haɗuwa suna gwajin kiɗa.

Malam: Innalillahi. Lokacin da bayin Allah ke tashi nafila.

Bazazzagi: Saboda da tsakar dare kuɗin hayar ɗakin gwaji ya fi arha.

Bakano: To yanzu na ji magana. Waɗannan yaran a bincika asalinsu, akwai jinin Kanawa.

Jauro: Shi mai waƙar ɗan gado ne ko haye ya yi?

Bazazzagi: Ɗan gado gaba da baya. Taka sunansa, ubansa da uwarsa duk manyan mawaƙa ne a ƙasar, irin waƙar dattawa suke yi da ake kira enka, shi ne ya bar layin gida ya kama ta ihu da jita.

Jauro: Yaran zamani ko'ina haka suke ashe. Nawa ma ya bar kiwo ya koma cajin waya.

Bakano: To ka isa, ka ciro kuɗi ka sayi tikiti a bakin ƙofa ka shiga, sai me?

Bazazzagi: Wace ƙofa? Alhaji can ƙuri'a ake yi. Watanni kafin ranar za ka shiga intanet ka rubuta sunanka kana so, sai ka zauna jira, in an zaro ka to, in ba a zaro ka ba ka haƙura. Ni sai a zagaye na biyu na dace, ranar ban yi barci ba.

Bakano: Da kuɗina? Ina riƙe da kuɗina a hannu a ce min sai an yi ƙuri'a? Ba wani wanda za ka sani a ciki? Ba ɗan uwan matar manaja?

Bazazzagi: Babu.

Bakano: To ai ga kasuwa nan a buɗe kun tsaya kallon ruwa kwaɗo na muku ƙafa. In tara yaran shagona su ashirin kowa ya rubuta suna, wanda ya ci mu ajiye, ana gobe wasa mu ninka sau biyar.

Bazazzagi: Tun 2019 suka yi doka a kan wannan, wanda ya mayar da sayar da tikiti sama da farashinsa sana'a zai iya shan ɗaurin shekara guda ko tarar yen miliyan ɗaya.

Bakano: Ƙasar da ta hana riba ai ba ƙasa ba ce, makaranta ce.

Malam: Ni tambayata ɗaya, salla fa? Ko ganguna sun ɗauke ta?

Bazazzagi: Ban sha ko ɗaya ba Allah gafarta Malam, har Juma'a na yi a babban masallacin da Turkawa suka gina a Tokyo. Sai dai ranar farko na sha kunya, na shimfiɗa darduma na kalli inda rana ke fitowa zan kabbara sai waya ta nuna min na ba alƙibla baya. A can yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa.

Jauro: Yamma? Ka kalli yamma ka yi salla? Malam ka ji fa, yaron nan a yi masa rubutu.

Malam: A'a Jauro, nan kam yana da gaskiya, Makka ake bi ba rana ba. Ya wuce Makka ne ya bar ta a baya.

Bakano: Shi ne abin da ke ƙona min rai. Mutum ya tsallake Makka da kuɗin da ya isa umara ya tafi wajen masu jita.

Bazazzagi: Kuma sun riga mu da awa takwas, ina idar da asuba na kira Hajiyarmu in gaishe ta, ashe nan ko kwanciya ba a gama yi ba, tace kai wace irin asuba ce da daddare, ka faɗa min gaskiya me suka ba ka ka sha.

Mai shayi: A ina ka kwana? Na ji ance otal ɗinsu tsada.

Bazazzagi: Akwai mai sauƙi, ɗakin kamar akwati ne aka jera wani kan wani, tsawonka da faɗinka kawai, da rarrafe ake shiga, ka ja labule.

Malam: Alhamdulillahi, ko ba komai ka yi gwajin kabari. Allah ya sa ka yi tunani a ciki.

Bakano: Kai ka kai mu wajen wasan nan, shayi na hucewa.

Bazazzagi: Tokyo Dome ake ce wa wurin, filin ƙwallon sanda ne, wato baseball, na ƙungiyar Yomiuri Giants, an buɗe shi 1988, rufinsa fari kamar ƙaton ƙwai, kuma ba ginshiƙi ke riƙe da rufin ba iska ce ake hurawa ciki. Yana cin mutum wajen dubu 55 in ana wasan kiɗa. Tun safe na isa na bi layin sayen kayan tunawa, awa uku ina tsaye, ba turereniya ba wanda ya zo yace dama ina bayan wannan na je fitsari ne.

Bakano: Awa uku a layi ba mai ake sayarwa ba?

Bazazzagi: Tawul.

Jauro: Ni na zaci rawani ne aka naɗa ka.

Bakano: To kujerarka tana gaba dai ko, kusa da manyan baƙi?

Bazazzagi: Ita ma sa'a ce ba kai ke zaɓa ba. Tawa tana can sama, bene na ƙarshe.

Bakano: Daga can yaya kake ganinsa?

Bazazzagi: Kamar... kamar ƙwayar gero haka. Amma akwai manya-manyan allunan talabijin.

Bakano: Jama'a ku shaida. Ya sayar da babur ya tsallake teku ya je kallon talabijin. Gidan kallon ƙwallo na bayan layin nan da benci da fanka nawa ake shiga?

Bazazzagi: Alhaji ba za ka gane ba wallahi. Ana kashe fitilu gaba ɗaya wurin ya yi tsit kamar ba kowa, sai mai ganga ya doka ɗaya na ji ta a ƙirjina ba a kunne ba, benen da nake kai yana rawa, na gefena wani magidanci ne da kwat da jakar ofis ko gida bai biya ba, mutumin da tun da muka zauna ko tari bai yi ba sai gashi ya kwance laktaye yana tsalle yana ihu, da aka zo waƙar da nake sawa a kunne lokacin da na faɗi jarrabawa nake kwana ina juyi sai Taka ya yi shiru ya miƙo mana makirfo mutum dubu hamsin suka ɗauka baki ɗaya har da ni, ban san sanda hawaye ya zubo ba, mutumin nan bai ce min komai ba ya ciro ƴar takardar goge fuska ya miƙo min da hannu biyu.

Jauro: Ayya.

Malam: Me waƙar take cewa?

Bazazzagi: Rabi turanci ne, wannan na ji, wai kar ka karaya. Rabin Japanancin kuma hadda na yi.

Malam: Ka tabbata ba zaginka yake ba?

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, Alhaji nan shekara talatin yana rera waƙar Indiya a shago, a tambaye shi fassarar kalma ɗaya.

Bakano: Wannan daban, mu da Indiya mun saba. Bar wannan, ya wasa ka? Ya ambaci sunanka, ɗan wane jikan wane, na Zazzau mai tafiyar nesa?

Bazazzagi: Ba ya wasa kowa.

Bakano: To wa ya yi liƙi?

Bazazzagi: Ba a liƙi.

Bakano: Mawaƙi ya yi awa biyu yana gumi ba wanda ya tashi ya manna masa ko yen biyar a goshi, ba maroƙi, ba sanƙira, ba wanda aka ce ya ba da mota? To wa ya san ka je?

Mai shayi: Ai akwai waya. Nuna mana bidiyon mu gani.

Bazazzagi: Wato... an hana ɗauka. Yawancin wasanninsu a can haka ne, ma'aikata na zagayawa da allo an zana kyamara an ja mata layi, kana ɗaga waya za a zo a rusuna maka a ce ka mayar aljihu.

Bakano: Hoto fa? Ko ɗaya?

Bazazzagi: Na yi niyyar ɗauka a waje in an tashi. To fitar ma layi-layi ake kira, kowa ya zauna sai an ambaci ɓangarensa, da aka zo kanmu aka buɗe ƙofofin gefe, ashe iskar nan da ke riƙe da rufi ita ke tunkuɗo mutum waje, ban shirya ba ta kwashe ni, babbar rigata ta tashi ta rufe min fuska, zanna bukar ɗina ta yi gaba tana gangarawa, wani saurayi ya bi ta da gudu ya kamo ya kawo min yana rusunawa, na ciro tukwici na ba shi ya ƙi karɓa kamar na miƙa masa garwashi, ina rusunawa yana rusunawa har mutane suka watse, ina duba waya caji ya ƙare.

Bakano: Ya ƙi kuɗi? Jauro riƙe ni.

Jauro: To yanzu mu da me za mu yarda ba Kafanchan ka je ka ɓuya ba?

Bazazzagi: Ga shaida kuwa, tawul ɗin nan ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wurin, da sunansu a jiki da... ina tawul ɗin? Nan na ajiye shi. Jama'a ina tawul ɗina?

Mai shayi: Wanne, baƙin nan mai rubutu? Ai na zaci tsumma ka kawo min a rage bashi, akwai ƙwai sha ɗaya a littafi tun kafin ka tafi. Da shi na sauke tukunya, na goge kaskon Jauro.

Bazazzagi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Awa uku! Awa uku na tsaya!

Bakano: Kwantar da hankalinka ƙanina, miƙo in ga yadin. Kai wannan ai gobe in na shiga Kwari kafin azahar an buga maka dozin, har da hotonka a jiki kai da shi Takan kun dafa kafaɗa.

Mai shayi: Amma fa gaskiya kayan Japan daban ne, dubi yadda ya tsane mai tas. In za ka koma ka taho min da biyu.