Hotunan Bikin 'Yar Gwaggo

Duk wanda ya mallaki kyamara a dangi ya zama mai hoton dole, kuma ladansa "Allah ya yi albarka". Haka na kwashi bikin 'yar Gwaggo daga kamu har kai amarya, rataye da tsohuwar Canon ɗina. Washegari Gwaggo ta kira ni: "Ɗan nan, ka zuba hotunan a kwamfuta, ina so dangin ango su gani kafin su koma Zariya."

Wayar haɗa kyamarar da kwamfuta ta daɗe da ɓata, na gidan kuwa duk na cajin salula ne, bakinsu bai shiga ba. Sai na ciro memorin, na aro ɗan abin karanta shi a wajen maƙwabci. Fitilarsa ta kama, kwamfuta ko gezau. Ashe abin tsohon yayi ne, na kafin 2006, iyakarsa kati mai 2GB, nawa kuma sabon samfuri ne da ake kira SDHC, mai 16GB. Maƙwabcin dai har yau cewa yake lafiyar abinsa ƙalau.

Na nufi wani shagon buga takardu. Can foldar DCIM, inda kyamara ke ajiye hotuna, ta buɗe, na yi hamdala, aka fara kwafa. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, yaron shagon ya fizge katin ya miƙo mini, wai in dawo in an kawo. A gida na soka shi a laftof ɗin ɗan Gwaggo, sai ta ce ba za ta buɗe ba sai an yi masa fomat. Ƙanena, wanda tun da ya gyara rimot sau ɗaya yake jin kansa injiniya, ya ce, "Yaya, ai izini kawai take nema." Kafin in buɗe baki ya danna. Katin ya buɗe tas, babu ko hoto ɗaya.

Gwaggo na kira, ni kuma ina cikin adaidaita zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ina gumi. Mai gyaran da na samu tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji, ka ƙara ɗaukar wani hoton a kansa?" Na ce a'a. Ya ce to da sauran rai. Ya tura ɗan makullin gefen katin ƙasa don kada komai ya sake rubutuwa a ciki, sannan ya yi mini bayani: fomat na gaggawa jerin sunaye kawai yake sharewa, kamar a yage rajistar makaranta alhali ɗalibai na zaune a aji. Hotunan suna nan sai ranar da sababbi suka hau kansu. Ya kunna wata manhaja, PhotoRec, suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, sai dai sunayensu sun koma lambobi barkatai. Na biya ba ciniki, na wuce gidan Gwaggo kai tsaye.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne manhajar ba ta san biki ba. Duk abin da ta tarar a katin tono shi take, har wanda na goge da hannuna tun bara.

Falo ya cika, aka ɗora laftof a kan tebur. Ga amarya da lalle, aka rangaɗa guɗa. Ga ango da abokansa. Sai ga ragon layyar da na yi ciniki bara, ta gaba, ta gefe, ta baya. Aka yi shiru. Na danna da sauri, sai ga ni a gaban madubi, daga ni sai singileti, na kafa sabuwar hula zanna, na shanye tumbi iya ƙarfina.

Uwar ango ta gyara tabarau ta matso. "Hajiya, wannan ma danginku ne?"

Gwaggo ba ta ko dube ni ba. "Wanne? Ragon ko mai singiletin?"