Buhun da ya bi ta ƙofar Kawu

Tun ranar da wani abokina da ya yi karatu a Ingila ya kawo mini tsarabar tsohuwar kwamfutar nan mai suna ZX Spectrum, mutanen gidanmu suka fara yi mini kallon wanda yake bukatar addu'a. Na'urar baƙa ce, ba ta wuce girman littafi ba, madannanta na roba ne, kamfanin Sinclair ne ya fitar da ita a 1982, kuma ƙwaƙwalwarta duka-duka kilobait 48 ce, ko hoto guda na wayar hannu ba zai shiga cikinta ba. Ba ta da allo sai an haɗa ta da talabijin, saboda haka na yi tattaki zuwa Sabon Gari na sayo tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a wurin wani mai gyara, wanda sai da ya tambaye ni sau biyu ko lafiya kafin ya karɓi kuɗin.

Ba a yi wata guda ba na ƙuduri aniyar rubuta wasana na kaina. Na ɗauko tsarin Sokoban, wasan wasa ƙwaƙwalwa da Hiroyuki Imabayashi na Japan ya ƙirƙira, wanda a cikinsa ma'aikacin sito yake tura akwatuna zuwa wuraren da aka yi wa alama. Dokarsa gajera ce: ana turawa amma ba a ja, ba a tura biyu a haɗe, kuma duk akwatin da ya faɗa kusurwa ya zauna ke nan. Ni kuwa sai na kwaso siton na dire shi a kasuwar Dawanau, akwatuna suka koma buhunan gero, ma'aikacin ya koma ɗan dako. Irin wannan wasa ya dace da na'urar, domin allonta a yanke yake gurbi-gurbi, 32 a kwance 24 a tsaye, kowane gurbi ɗigo takwas ne sau takwas, kuma launi biyu kacal yake ɗauka. Abin da ke tsalle daga gurbi zuwa gurbi ba ya shafa wa maƙwabcinsa launi.

Wata huɗu na yi ina raba dare, ina zana kowane mataki a littafin lissafi, in warware shi da fensir, sannan in buga shi cikin na'urar da harshen rubuta manhajar kwamfuta mai suna BASIC, in adana a kaset. Da matakai goma suka cika, na ga lokaci ya yi da wani zai gwada, sai na fara da Kawu, wanda ya shekara talatin yana cinikin hatsi a Dawanau.

Kawu ya gyara tabarau ya ƙura wa talabijin ido, can ya nuna ɗan dakona, wanda na yi kwana uku ina tsara shi a cikin ɗigo 64, ya ce, "Wannan kyankyason kuma me yake yi a cikin gero?" Da na yi masa bayani cikin ladabi, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ɗan dakon da ke tura buhu a ƙasa ba, domin mai kaya ba zai biya shi ba, sai dai ma ya caje shi kuɗin buhun da ya yage. Duk wannan na shanye. Amma da ya lura siton a rufe yake ta ko'ina, sai ya tafa hannu ya ce, "Ɗana, ta ina aka shigo da kayan, ta rufi? Sito ba ƙofa ai kabari ne." A daren na cire bulo guda daga katangar dama a kowane mataki, na kira gurbin ƙofa, a raina ina cewa ado ne kawai, na kwanta ina jin na girmama na gaba.

Babban gwajin na sa shi ranar Juma'a bayan la'asar, kuma saboda ɗoki na sanar cewa duk wanda ya ƙare mataki na tara yana da naira dubu biyu. Wannan matakin shi ne abin alfaharina, domin buhu na ƙarshe sai an zagaya da shi ta wani siririn lungu kafin ya isa mazauninsa a can gefen hagu. Ƙanena ya zo da abokansa biyu, Kawu ya zo a matsayin masani, sai 'yar yayana mai shekara tara wadda aka ce ta zauna a gefe kada ta taɓa komai.

Loda wasan daga kaset yana cin wajen minti biyu, rikoda tana tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa, gefen allo yana zanen shuɗi da rawaya. Saura kaɗan a gama Hajiya ta leƙo, ta ce wannan ƙara za ta tayar mata da ciwon kai, ta murɗe sautin da hannunta. Na'urar kuwa da wannan sautin take karanta wasan, nan take ta ce an samu kuskure. Muka mayar da kaset baya muka sake.

Matakai takwas na farko samarin suka cinye su kafin shayi ya huce, abin da ya ɗan sosa mini rai. A na tara suka cije. Aka yi magariba aka dawo, suna musayar madannai, suna gardama, Kawu yana ba da umarni daga kan kujera kamar yana sauke tirela, ni kuma na harɗe ƙafa ina murmushi ina cewa abin na masu tunani ne. Da isha ta gabato ƙanena ya turo mini na'urar ya ce, "Yaya, tunda kai ka gina, nuna mana."

Na karɓa da isa. Na tura buhu na farko da na biyu, na zo bakin lungun da na uku, sai na tarar da ginshiƙi tsaye a inda ya kamata hanya ta kasance. Na sake daga farko, na ce hannuna ne ya zame. A karo na uku na saci kallon littafin lissafina, gabana ya faɗi: wajen bugawa na gusar da ginshiƙin da gurbi ɗaya, lungun ya toshe, matakin ba shi da mafita ko kaɗan. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni a takarda na san nawa ɗakin, ban taɓa buga matakin a na'urar har ƙarshe ba. A karo na farko a rayuwata na yi fatan a ɗauke wuta, ita kuwa wutar a ranar ta tsaya daram kamar da gayya.

Ina cikin goge gumi 'yar yayana ta ce, "Baffa, in gwada?" Na miƙa mata da sauri, don a samu wanda za a yi wa dariya ba ni ba. Ba ta ko kalli lungun ba. Ta juya buhun zuwa dama, ta tura shi tiryan-tiryan har ƙofar Kawu, ta ƙara turawa sau ɗaya. Buhun ya ɓace, ya ɓullo a gefen hagu, layi ɗaya ƙasa, daidai kan alamarsa, na'urar ta yi ɗan kiɗan nasarar da na tsara da hannuna.

Dalilin ban gane shi ba sai tsakar dare. Taswirar siton a jere guda na adana ta, layi yana bin layi, saboda haka gurbin da ke bin ƙarshen dama shi ne farkon layi na gaba ta hagu. A hagu ban zana katanga ba, iyakar allo ce na sa ta tare ɗan dako, a dama kuwa na dogara da bulon da na cire don faranta wa Kawu. Amma a lokacin ba wanda ya nemi bayani. Samarin suka ce maguɗi ne, yarinyar ta ce ba a hana bi ta ƙofa ba, Kawu ya yanke hukunci cewa duk ɗan dako mai hankali ta ƙofa yake fitar da kaya. Na ƙirga dubu biyu na ba ta, shi kuma ya karɓi ɗari biyar daga aljihuna a matsayin la'ada, tunda ƙofar tasa ce.

Cikin makon na mayar da ginshiƙin gurbinsa, na toshe ƙofar da ƙyauren da ba ya buɗewa, na buga matakin sau biyar da kaina. Da Juma'a ta zagayo yarinyar ta dawo, ta tura buhu zuwa dama, ya tsaya. Ta sake turawa, ya ƙi motsi. Ta ajiye na'urar ta dube ni ta ce, "Baffa, kun ɓata wasan," sannan ta tambaya ko mataki na goma shi ma da kuɗi.