Me ya sa ƙirgen maƙaloli ba zai auna James Wilkinson ba

A ganina, hanyar da jami'o'i suke bi wajen auna darajar mai bincike, wato ƙirga maƙalolinsa da yawan waɗanda suka ambace su, ba za ta yi wa mutum irin James Wilkinson adalci ba. Wannan masanin lissafi ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1919 ya rasu a 1986, bai yi mafi yawan rayuwarsa ta aiki a jami'a ba. A 1946 ya shiga cibiyar binciken kimiyya ta gwamnati da ke Teddington a yankin Landan, inda ya yi aiki tare da masanin lissafi Alan Turing a kan shirin ƙera kwamfutar ACE, kuma yana cikin waɗanda suka kai ƙaramin samfurinta ga fara aiki a 1950.

Matsalar da ta addabi masana a lokacin ita ce kwamfuta ba ta iya riƙe lamba gaba ɗayanta. Idan ta raba ɗaya gida uku, sai ta rubuta 0.3333 ta datse sauran, kuma a lissafin da ke da matakai dubbai kowane mataki yana barin ɗan gurbin kuskure. A 1943 masanin ƙididdiga Harold Hotelling ya yi ƙiyasin cewa a tsohuwar hanyar Gauss ta warware jerin lissafai, kuskuren yana iya ninkuwa har sau huɗu da kowane ƙarin layi, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauka hanyar ba ta da amfani a manyan ayyuka. Amma Wilkinson, wanda yake zaune gaban na'urar kullum, yana ganin amsoshi masu kyau suna fitowa, don haka ya san akwai abin da tsoron ya kasa ganowa.

Abin da ya yi shi ne ya juya tambayar. Maimakon ya bi sawun kuskure mataki-mataki don ya san nisan amsar daga gaskiya, sai ya ɗauki amsar da kwamfuta ta bayar a matsayin cikakkiyar amsa ga wata tambaya ta dabam, sannan ya auna tazarar da ke tsakanin tambayoyin biyu. Idan tazarar ba ta kai shakkar da ke cikin awon da injiniya ya kawo tun farko ba, to hanyar lissafin ta wanku daga zargi. Turing da John von Neumann sun hango wani ɓangare na wannan tunani kafinsa, sai dai shi ne ya mayar da shi cikakken tsari a littattafansa na 1963 da 1965.

Misalin da ya fi burge ni shi ne gwajin da ya yi da ninka (x−1) da (x−2) har zuwa (x−20), lissafin da amsoshinsa, wato lambobin da in an sa su a gurbin x sakamakon zai zama sifili, a fili suke, daga 1 zuwa 20. Bayan an baje shi, ɗaya daga cikin lambobin da suka fito ita ce −210. Da aka taɓa ta da abin da bai wuce 0.00000012 ba, amsar 20 ta koma kusan 20.85, goma daga cikin amsoshin kuma suka fice daga layin lambobin da muka saba da su. A nan na'urar ba ta yi laifi ba, tambayar ce kanta ba ta jure taɓawa, kuma rarrabe waɗannan laifuka biyu shi ne abin da ɗalibin wannan fanni yake fara koyo a yau.

An karrama shi, domin ya samu lambar yabo ta Turing a 1970. Duk da haka, babban tasirinsa yana inda ba a rubuta sunansa. Kundin manhajojin da ya shirya tare da Christian Reinsch a 1971 shi ne tushen rumbun manhajojin lissafi na EISPACK, daga wannan zuriya kuma aka samu LAPACK, wadda manhajojin MATLAB da NumPy suke dogara da ita. Injiniyan da ya warware lissafin gada da umarni guda a cikin waɗannan manhajoji ba ya ambatar Wilkinson a rahotonsa, kuma babu wani kwamitin ƙarin girma da ke da gurbin shigar da irin wannan amfani a takardunsa.